Mu Nawa Ne a Ƙasar Nan?

 

Yau da tambaya na zo, kuma gajera ce. Mu nawa ne a Nijeriya?

Ka tambayi magidanci baki nawa yake ciyarwa, nan take zai faɗa maka. Uwargida ta san mudu nawa ke isar tuwon dare, ta san yadda za ta ƙara in baƙi sun sauka. Bafulatanin da ba ya yarda a ƙirga masa shanu, in maraƙi ɗaya bai dawo daga kiwo ba ya gane tun kafin a ɗaure sauran. To amma ƙasar da ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan jama'a, rabonta da ƙirga mutanenta tun watan Maris na 2006. Jaririn da aka haifa a makon da malaman ƙidaya suka zaga gidaje yau ya isa jefa ƙuri'a. Jaririyar da aka haifa tare da shi, a ƙauyukanmu da yawa, tana goye da nata. Duk lambar da kuka ji ana faɗa yanzu, miliyan 220 ne ko miliyan 230, kiyasi ne da masana suka ɗora a kan waccan tsohuwar ƙidayar, suka haɗa da binciken da ake yi a gidaje ƙalilan.

Bari mu fara da kiyasin, tunda shi ne a hannu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce lokacin da muka karɓi mulkin kai a 1960 mun kai kimanin miliyan 45. Yau ta ce mun haura miliyan 230. Wato cikin rayuwar mutum ɗaya mun ninka sau biyar. Dattijon da ya ga an sauke tutar Ingila yana ɗan makaranta, yanzu duk gurbin da mutum ɗaya ke tsaye a lokacin, mutum biyar ne a tsaye. Ƙasashe biyar kaɗai suka fi mu a duniya: Indiya, Sin, Amurka, Indunusiya da Pakistan. Ana haifar jarirai sama da miliyan 7 kowace shekara, kusan dubu 20 ke nan tsakanin asubar yau da ta gobe. Rabin 'yan ƙasar ba su wuce shekara 18 ba. In aka ci gaba a haka, hasashen Majalisar shi ne kafin 2050 za mu haura miliyan 350.

Ba sai an kawo takarda ba kafin mutumin Kano ya yarda. Wanda ya san Rijiyar Zaki da Ɗorayi da Hotoro shekara arba'in da suka wuce ya san gonaki ne da 'yan gidaje jefi-jefi. Yau awon igiya ya cinye gonakin, an cike kududdufai an yi gini a kansu, lungu ya matse har motar asibiti ba ta shiga, 'yan ga-ruwa su ne famfon unguwa. Haka Kaduna ta miƙe ta Rigasa, haka Maiduguri da Sakkwato da Gusau suka tumbatsa. A karkara kuwa, gandun da kaka ya noma da 'ya'yansa shida an raba shi gado, an sake rabawa, har jika ya tashi da 'yar gayaunar da ba ta kai shi watan azumi da hatsinta. Shi ya sa da an yi girbi sai ka ga samari sun cika motar ci-rani.

To me ya hana mu ƙirga kanmu?

Tsoron ƙidaya tsoho ne a wurinmu, kuma da dalilinsa. A zamanin Turawa, in aka rubuta sunanka haraji ne ya biyo baya, in aka ƙirga shanunka jangali ne. Saboda haka iyaye suka koyi ɓoye samari a rumbu, makiyaya suka koyi kora garke daji in sun ji labarin malamin haraji. Ƙidayar 1952 zuwa 1953 ta ce mu miliyan 30 ne da 'yan kai, kuma kusan kowa ya yarda cewa an bar mutane da yawa a baya. Da siyasa ta kankama sai abin ya juya. Aka gane cewa da yawan kawuna ake raba kujerun majalisa, da shi ake raba kuɗi. Mutanen da jiya ke ɓoye 'ya'yansu sai ga shugabanninsu suna ƙara waɗanda ba a haifa ba. Ƙidayar 1962 rigima ta kashe ta, gwamnatin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ta sa aka sake a 1963, aka ce miliyan 55 da dubu 600, fiye da rabi a Arewa. Firimiyan Jihar Gabas, Michael Okpara, ya ce bai yarda ba, har maganar ta je kotu. Wannan gardama tana cikin abubuwan da suka raunana Jamhuriya ta Farko. A 1973, zamanin Janar Yakubu Gowon, aka sake yi, aka ce kusan miliyan 80, hayaniya ta tashi, da Janar Murtala Muhammad ya hau a 1975 ya soke sakamakon baki ɗaya. Sai 1991, zamanin Janar Babangida, aka ce miliyan 88 da dubu 900. Ku duba fa: miliyan 80 a 1973, kusan miliyan 89 bayan shekara 18. Dole ɗaya cikin lambobin nan biyu ta kauce wa gaskiya, ko ma dukansu.

Ta 2006, zamanin Shugaba Obasanjo, ta ba da miliyan 140 da dubu 431. Don gudun fitina ba a tambayi kowa addininsa ko ƙabilarsa ba, amma fitinar ta samo wata ƙofar. An ba Kano miliyan 9 da dubu 400, Legas miliyan 9 da dubu 100. Gwamnatin Legas ta ce ita nata lissafin ya nuna sama da miliyan 17. Mu kuma a nan muka yi ta murna cewa Kano ce kan gaba, duk da an cire mata Jigawa tun 1991. Ƙidayar da ya kamata a yi a 2016 ba a yi ba. An sa ranar wata ƙidayar a watan Mayun 2023, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta horar da ma'aikata, an sayo na'urori don a yi ta zamani, ana saura kwanaki kaɗan gwamnatin Shugaba Buhari ta ɗage.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya a wannan tarihi shi ne yadda muke kallon yawanmu. Mun ɗauke shi hujjar karɓa. Kashi 30 cikin 100 na kason da ake raba wa jihohi daga asusun tarayya da yawan jama'a ake auna shi. Kujeru 360 na Majalisar Wakilai da yawan jama'a aka yanka su, Kano na da 24, Legas na da 24. Lokacin zaɓe kuwa babu abin da ɗan siyasar Arewa ke tinƙaho da shi kamar yawan ƙuri'unmu, ya ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Na yarda yawa ƙarfi ne. Sai dai kowane kai da aka ƙirga aka karɓo kuɗi da sunansa yana bin bashi. Yana bin bashin benci a aji, da allurar rigakafi, da ruwan da zai sha bai yi amai da gudawa ba, da sana'ar da zai riƙe kansa in ya girma. Mun iya faɗan karɓo kason, biyan bashin ne har yau ba mu zauna mun yi lissafinsa ba.

Akwai darasin da ya kamata a ce mun koya tun 1976. A shekarar gwamnatin soja ta buɗe shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda iyayenmu ke kira Yufi'i. An yi tanadi don yara miliyan 2 da dubu 300 da za su shiga aji ɗaya. Ranar da aka buɗe makarantu, kimanin miliyan 3 suka zo. Babu isassun azuzuwa, babu isassun malamai, aka yi ta karatu a gindin bishiya, aka ɗebo malaman da ba su gama koyo ba. Shekara ɗaya ke nan da soke ƙidayar 1973. Har gobe irin wannan lissafin muke yi. Na shiga wata firamaren gwamnati a bayan gari, na tarar da yara sun fi ɗari a aji ɗaya, a zaune a ƙasa, na baya ba sa ko hango allo, malama ɗaya tana ta ɗaga murya har ta dishe. Wannan malama ba ta da laifi. An ba ta aikin mutum uku ne. Waɗannan ma su ne masu sa'a, don sun samu shiga. Waɗanda ke waje, hukumar UNICEF ta daɗe tana cewa miliyan 10 da rabi ne, UNESCO a 2022 ta ce sun kusa miliyan 20. Ku ji tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu. Yara kusan miliyan 10 ne ke yawo a cikinta, ba mu san ko suna nan ko ba sa nan ba, kuma duk wanda ya bi titunan garuruwanmu da dare ya san a wane yanki mafi yawansu suke kwana.

Yanzu bari mu shiga ɗaki, inda ainihin maganar take.

Me ya sa muke ƙaruwa da sauri haka? Wasu na zaton mutanen yanzu sun fi na da haihuwa. Ba haka ba ne. Kakanninmu sun haihu da yawa, amma sun binne da yawa. A farkon shekarun mulkin kai, kusan ɗaya cikin kowane yara uku ba ya kai shekara biyar. Agana ta ɗiba, ƙyanda ta ɗiba, sanƙarau ya zo da bazara ya ɗiba. Harshenmu ma ya riƙe shaidar wannan zamani. Muna da kalmar wabi, ga matar da 'ya'yanta ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Muna da sunaye irin su Ajuji da Ayashe, waɗanda uwa ke laƙaba wa jariri don ta nuna kamar ba ta damu da shi ba, ko mutuwa ta kau da kai. Matar da ta haifi tara ta raini huɗu, wa zai ce mata ta yi yawa? Ga gona na son hannaye, ga tsufa babu fansho sai ɗa. Hausawa suka ce haihuwa maganin mutuwa, kuma a wancan zamani lissafin daidai yake.

Sai Allah Ya kawo sauƙi. Aka kawar da agana daga duniya, rigakafi ya yaɗu, magungunan zazzaɓi suka samu. Yau yaran da ke mutuwa kafin shekara biyar sun dawo kimanin ɗaya cikin tara. Har yanzu abin kuka ne, yana cikin mafi muni a duniya, amma ya ragu ƙwarai. Mutuwa ta ja baya da sauri, haihuwa tana ja a hankali, bambancin da ke tsakaninsu shi ne ƙaruwar da muke gani. Saboda haka asalin yawanmu alheri ne, 'ya'yan da da za a binne ne suka rayu. Duk mai magana a kan wannan batu ya fara da godiya.

Akwai babban binciken lafiya da Hukumar Ƙidaya ke gudanarwa duk bayan 'yan shekaru, ana shiga gidaje ana tambayar mata. Na 2018 ya nuna cewa in ka ɗauki mata 10 a Nijeriya, za su haifi 'ya'ya 53 a tsawon rayuwarsu. Na baya-bayan nan, wanda aka yi daga 2023 zuwa 2024, ya ce sun sauko 48. Amma Nijeriya ba ɗaya ba ce a wannan fanni. A binciken 2018, mata 10 a Legas 'ya'ya 34 ne, a Kudu maso Yamma baki ɗaya 39, a Arewa maso Yamma 66, a Jihar Katsina 73. 'Yan uwanmu na tsallaken iyaka ma haka: binciken da aka yi a Nijar a 2012 ya ba da 76, kuma ƙasar da ba ta kai miliyan 4 ba a 1960 yau ta haura miliyan 25. Daga Katsina zuwa Maraɗi, daga Daura zuwa Damagaram, gida ɗaya ne, al'ada ɗaya, lissafi ɗaya.

A cikin duk lambobin binciken nan, wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta karatu. Mata 10 da ba su taɓa shiga makarantar boko ba, 'ya'ya 67. Mata 10 da suka wuce sakandare, 34. Babu dokar da ta tilasta musu, babu wanda ya bi su da allura. Yarinyar da ta zauna a aji har ta gama, aurenta ya ɗan jinkirta, jikinta ya yi ƙwari kafin cikin fari. Ta san muhimmancin zuwa awo, ta san alamar haɗari, ta iya karanta takardar magani, ta iya zama da mijinta su yi shawara. 'Ya'yanta sun fi rayuwa, kuma uwar da ta tabbata nata za su rayu ba ta haihuwa don tsoron mutuwa.

Ni kuwa abin da ya sa na ɗauko wannan magana, uwar ce. Binciken 2018 ya ce a kowace haihuwa dubu 100, mata 512 ke rasa ransu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020, cikin duk matan da suka mutu wajen ciki da haihuwa a faɗin duniya, fiye da ɗaya cikin huɗu 'yan Nijeriya ne. Wane ne a cikinmu bai je gaisuwar irin wannan mutuwa ba? Jini ya ɓalle da tsakar dare, babu mota, ko an samu motar asibitin babu jini. Jijjiga ta kama yarinya 'yar shekara sha biyar a cikin fari. Doguwar naƙuda ta bar wata da yoyon fitsari, miji ya sake ta, dangi suka ware mata ɗaki. Wata kuma ciki na goma ne, jikin ya gaji, ta tafi ta bar tara a hannun kishiya ko kaka. In muna alfahari da miliyoyinmu, mu tuna a bayan wa aka goyo su.

Na san abin da wani mai sauraro ke faɗa a zuciyarsa yanzu. Yana cewa bakin da Allah Ya tsaga ba Ya hana shi abinci, kuma wannan duk shirin Turawa ne na rage Musulmi. Malam, ban raina maganarka ba. Arziki na Allah ne, babu mai imani da zai musa. Zargin ma bai faɗo daga sama ba. Mutanen Kano ba su manta 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara, wasu suka mutu, wasu suka nakasa, aka yi shekaru ana shari'a. Wannan tabo ne ya taimaka wa jita-jitar 2003, aka ce rigakafin shan inna na hana haihuwa, aka dakatar da shi kusan shekara guda, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen waje, yaranmu suka shanye. Haka kuma da gwamnatin Babangida ta fito da manufar yawan jama'a a 1988, mai cewa kowace mace ta tsaya a 'ya'ya huɗu, mutane suka ji kamar an shigo musu ɗaki ba sallama, suka yi watsi da ita. Kalmar ƙayyade iyali tun daga nan ta yi baƙin jini.

Amma tazarar haihuwa ba baƙuwa ba ce a gidan Bahaushe. Kakanninmu sun san kwanika, wasu su ce rurrutsa, wato mace ta yi ciki tana shayarwa, kuma abin kunya ne a wurinsu. Tsofaffi na yi wa mijin faɗa, don sun ga yadda na goye ke lalacewa, ya yi tamowa, uwar ta rame, a koma haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance. Shi ya sa ake tafiya goyon ciki gidan iyaye, a yi wankan jego, a daɗe kafin a dawo, a shayar da yaro har ya yi ƙwari kafin yaye. Alƙur'ani mai girma, a Suratul Baƙara, ya ambaci shekara biyu cikakku na shayarwa. Malaman fiƙihu tun da daɗewa sun tattauna azalu, mafi yawansu suka halatta shi da yardar matar. Ciyar da iyali da tufatar da su da tarbiyyarsu kuwa wajibi ne a kan uba, babu malamin da ya ce a haifa a miƙa wa titi. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya sha faɗin haka a bainar jama'a, cewa kada mutum ya tara matan da 'ya'yan da ba zai iya riƙewa ba, ya sha suka a kai, amma ban ji wanda ya kawo hujjar da ta rushe maganar ba. Manomin da ya yarda Allah ke ba da damina bai fasa ba da tazara tsakanin shuka da shuka ba.

Binciken lafiyar nan ya nuna wani abu da ya kamata maza su ji. Kusan mace ɗaya cikin kowace biyar masu aure tana son ta huta ko ta dakata, amma ba ta amfani da komai. Wata asibitin ya yi mata nisa, wata ta je ba ta samu kayan ba, wata tsoron illa take ji saboda abin da ta ji a gidan suna, da yawa kuwa tsoron buɗe baki suke a gaban maigida. Ga kuma gasar kishiyoyi, kowace na son ɗakinta ya fi yawan magada. Wannan gasa mu maza muke hura ta, mu ne kuma za mu iya kashe ta da adalci. A yankin Damagaram an gwada wani tsari da ake kira makarantar mazaje, inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar matansu, su ƙarfafa wa juna gwiwar kai su awo da haihuwa a asibiti. Tsarin ya karɓu har aka kai shi wasu yankunan Nijar. Majalisar da muke zama kullum bayan la'asar muna gardamar siyasa da ƙwallo, me zai hana ta ɗauki wannan batu ko sau ɗaya a wata?

Mu leƙa waje kaɗan. Sin ta bi hanyar tilas, ɗa ɗaya ga kowane gida, daga wajen 1980 har zuwa 2015. Yau tana roƙon mutane su haifi uku, tsofaffi sun yi yawa, a 2022 yawan jama'arta ya ragu karon farko cikin shekara sittin. Indiya ta gwada yi wa maza aikin hana haihuwa da ƙarfin hukuma a lokacin dokar ta-ɓaci ta Indira Gandhi, jama'a suka kayar da ita a zaɓen 1977. Babu mai hankalin da zai so mana ko ɗaya cikin biyun nan. Wadda ta fi kama da mu ita ce Bangaladash. Ƙasar Musulmi ce, matalauciya ce lokacin da ta samu 'yanci a 1971, faɗinta kusan na jihohin Borno da Neja ne a haɗe, amma tana ɗauke da mutum kimanin miliyan 170. A wancan lokaci matanta na haihuwar kusan bakwai, kamar matan Katsina da Jigawa a binciken 2018. Sai aka ɗauki mata 'yan gari aka horar da su, suna shiga gida-gida suna magana da 'yan uwansu mata cikin sirri da mutunci. Aka riƙa ba 'yan matan karkara tallafin kuɗi don su zauna a sakandare. Masana'antun ɗinka tufafi suka ɗauki miliyoyin mata aiki. Yau haihuwa ta dawo biyu da ɗan ɗori, yara sun fi rayuwa, kuma masallatansu na nan cike.

Wannan batu na aikin yi shi ne rabin maganar da ake yawan mantawa. Yawan matasa na iya zama babbar dukiya. Manoman kewayen Kano sun nuna haka tun da daɗewa: ƙasa kaɗan, mutane da yawa, amma da takin da jakuna ke kwasowa daga birni a mangala, da haɗa gero da wake da gyaɗa a gona ɗaya, suka yi ɗaruruwan shekaru suna noma wuri guda bai mutu ba. Hannu da yawa ne ya yi wannan. To amma hannun yana son abin kamawa. Masaƙun Kakuri a Kaduna da suka ɗauki dubban ma'aikata sun rufe. Masana'antu da yawa a Sharaɗa da Bompai sun zama kango saboda rashin wuta, atamfar da ake sayarwa a Kantin Kwari yawancinta daga waje take zuwa. Saurayin da ba shi da gona, ba shi da karatu, ba shi da sana'a, ga shi da ƙarfi a jika, wani zai zo ya ba shi aiki. Mun ga masu ba da aikin a dazukan Zamfara da Katsina, mun gan su a gaɓar Tafkin Chadi, muna ganinsu a 'yan daba na cikin gari. Ba na cewa yawan haihuwa ne ya kawo ta'addanci, dalilansa da yawa ne. Ina cewa duk mai neman yaran da babu mai nemansu, a wurinmu ba ya shan wahalar samu.

Saboda haka ina kira ga gwamnatin tarayya ta sa ranar ƙidaya ta kuma cika alkawari, a yi ta da na'urar da za ta hana ƙirga mutum sau biyu, a bar masu sa ido su gani. Gwamnoninmu kuma, kafin su tambayi nawa jiharsu ta samu, su tambayi yara nawa ne za su cika shekara shida a bana a kowace ƙaramar hukuma, aji nawa ke akwai, ungozoma nawa ke kwana a asibitin karkara. Wannan lissafi ba ya jiran Abuja. Mai unguwa ya san duk gidan da aka yi suna, limami shi ya raɗa sunan, dagaci ya san wanda aka binne. In aka ba su littafi da alƙalami aka haɗa su da ofishin rajista, cikin shekara biyu kowace masarauta za ta san abin da take ciki.

Mu ma akwai namu. Binciken 2018 ya gano cewa yara 43 ne kacal cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa. Sauran, a idon hukuma, ba a haife su ba. Maigida, in an yi maka haihuwa, bayan ragon suna ka nemi ofishin Hukumar Ƙidaya a sakatariyar ƙaramar hukumarku, ko teburinsu a asibitin da aka haihu, ka karɓo wa jaririn takardarsa, mace ce ko namiji. Ran da malaman ƙidaya suka yi sallama a ƙofar gidanka, ka faɗi iya waɗanda ke kwana a gidan. Kada ka ƙara wanda ya rasu, kada ka manta da 'yar riƙo, da nakasasshen da ke ɗaki, da almajirin da ke kwana a zaure. Daren yau kuma, in yara sun yi barci, ka tambayi maiɗakinka yadda jikinta yake tun haihuwar baya, ka bari ta gama magana kafin ka ce komai.